Gyaran ɗakin da ya nutse: Fenti da tayil su jira tukuna

Da zarar damina ta ɗauke, aka kai amfanin gona gida, sai lokacin gyaran ɗakuna ya kama a Achilafiya da sauran garuruwan ƙaramar hukumar 'Yankwashi, har zuwa Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. Kuɗin gero da riɗi sun shigo hannu, ga bukukuwan aure sun matso. Sai dai da yawa daga masu gyaran daga ƙarshen aiki suke farawa. A sayo bokitin fenti da kwalayen tayil, alhali hanyar da ruwa ya bi ya ɓata ɗakin tana nan a buɗe. Wannan shi ne kitso da ƙwarƙwata.

Abin ya fi muni a ɗakin da ya nutse. Ba mu saba gina ɗakin ƙarƙashin ƙasa irin na Turai da Amurka ba, amma muna da ɗan'uwansa: tsohon ɗakin da daɓensa ya koma ƙasa da hanya, ko don an ɗaga titi lokacin zuba kwalta, ko don maƙwabta sun yi ciko. Ruwa kuwa gangare yake bi. Shi ya sa za ka ga gindin bango ya yi baƙi, farin gishiri ya feso, filasta tana ɓarewa, kaya a durowa suna warin danshi.

A ganina, matakin farko ba ma a cikin ɗakin yake ba. Maigida ya zagaya waje ya gano daga ina ruwan yake zuwa. Kwano ne ke yoyo? Indararo ne ke zuba a gindin bango? Kwatar maƙwabci ce, ko makewayi ne ya jingina da ɗakin? A gyara rufi, a karkatar da ruwa, a gangarar da ƙasar jikin bango ta kalli waje. Idan akwai tsagewar da take ƙara buɗewa, a nemo wanda ya san gini ya duba harsashi kafin a kashe ko sisi. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun rushe gidaje da dama a Jigawa, kuma bangon da gindinsa ya daɗe a jiƙe ba ya jure irin wannan ruwa.

Na biyu, a kankare filastar da ta ruɓe har a wuce inda danshin ya tsaya, a buɗe taga da ƙofa, a bar iskar hunturu ta yi aikinta na wasu makonni. Ita dai kyauta ce.

Na uku shi ne daɓe. A yi ciko da marmara, a daddaɓe ta sosai, a shimfiɗa leda mai kauri wadda bakinta zai hau jikin bango, sannan a zuba kankare. Inda tsayin rufi ya bari, daɓen ya fi ƙasar waje da aƙalla inci 6. Inda bai bari ba, a ɗaga dokin ƙofa. Kankare yana son ban ruwa na kwana 7 aƙalla, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa.

Bayan haka mai wayarin ya shigo, ya binne bututunsa, ya ɗaga soket daga ƙasa. Sannan filasta, sai silin, sai tayil. Fenti ne auta, kuma sai sabuwar filasta ta yi kamar wata guda tana bushewa. Fentin mai a kan bango mai laima kulle ruwan yake yi a ciki, kafin damina ta zagayo ya kumbura.

Masu ginin ƙasa su ƙara kula. Siminti a kan bangon laka ba ya kamawa da kyau, kuma yana hana danshi fita, sai bangon ya riƙa narkewa ta ciki, waje kuwa fes. Magabatanmu da suke yaɓe da makuba, suna sabunta shi kafin ruwa ya sauka, sun san abin da suke yi.

Na san abin da wani zai ce: an sa rana, 'yan jere suna hanya, kuɗi kuma ba su kai ba. Gaskiya ne. Amma idan kuɗin ba za su yi duka ba, gara a kashe su a kan rufi, magudana da daɓe, a shafa farar ƙasa a shiga. Tayil zai iya jira zuwa baɗi. Wanda ya juya tsarin zai biya sau biyu, ga gadon amarya da kujerunta da iyaye suka sha wahalar saye za su ruɓe, ga yara suna kwana cikin danshin da ke tayar da tari da asma.

Magina su ji tsoron Allah su faɗa wa mai aiki gaskiya, ko da zai ji haushi. Su kuma hukumomi, duk titin da za a ɗaga a cikin gari, a haɗa shi da magudanar da za ta kwashe ruwan gidajen da ya bari a ƙasa. Rani yana da tsawo a nan, amma watan Yuni ba ya jiran kowa.