A Auna Jini Kafin A Nemi Maganin Ƙara Jini

Kukan kasala da jiri da faɗuwar gaba ba baƙon abu ba ne a bakin matan aure da masu ciki a Kurmin Sarki da sauran unguwannin Suleja. Da mace ta yi wannan kuka, sai a duba ƙasan idonta, in ya yi fari a ce ba ta da jini. Daga nan shawara ta ɓalle ke nan: wannan ta ce a dafa karan dafi, waccan ta ce zogale, wata kuma ta kawo kwalbar ƙwayoyi mai rubutun Sinanci, wadda 'yan talla ke rantsuwa tana ƙara jini da kuzari. Kuɗi dai sun fita, amma ba kasafai ake tambayar abin da ke shanye jinin ba.

Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 68 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Macen da ta shiga naƙuda a wannan hali, zubar jini kaɗan tana iya jefa ranta cikin haɗari.

Ba wanda zai raina ilmin magani na ƙasar Sin, domin ya daɗe kuma a rubuce yake. Masanansu suna taɓa bugun jijiya, su dubi harshe, su ce ƙarfin jiki ne ya ragu ko jini ne ya gaza. Sukan ba da saiwar da suke kira dangwai, da wata 'yar'uwar magarya mai ja. Amma abin lura shi ne, gazawar jini a bakinsu ba lalle ba ne ta zama ƙarancin jinin da ake aunawa a asibiti. A ƙasar nan abubuwan da suka fi cin jini su ne zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da rashin abinci mai sinadarin ƙarfe, da haihuwa kusa da kusa, da ciwon sikila. Saiwar dangwai ba ta kashe tsutsa, ba ta korar zazzaɓi, har ma likitoci suna gargaɗin masu ciki game da ita.

Darasin da ya kamata a ɗauka daga Sinawa shi ne yadda suka gwada gadonsu. A 1967 gwamnatinsu ta tara masana su nemo maganin zazzaɓin sauro. Wata mace, Tu Youyou, ta tarar da bayani a wani littafi mai fiye da shekara 1,600, ta bi shi da gwaji, har a 1972 ita da abokan aikinta suka tace sinadarin atemisinin daga wani ganye dangin tazargade. A 2015 aka ba ta lambar Nobel. Da wannan sinadari ake haɗa maganin zazzaɓin da ake bayarwa a asibitocin Suleja.

Nijeriya ma ta taɓa yin irin haka. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, wadda ba ta da nisa da Suleja, ta haɗa maganin sikila mai suna Niprisan daga karan dafi da masoro da kanumfari da wani itace. Ashe abin da tsofaffi ke dafawa yana da alheri, sai dai a san ma'auninsa da ciwon da yake yi wa aiki.

Saboda haka wajibi ne Ƙaramar Hukumar Suleja da Gwamnatin Jihar Neja su tabbatar kowane ƙaramin asibiti yana da abin awon jini da na zazzaɓi, da ƙwayoyin ƙara jini na masu ciki, a farashin da talaka zai iya. Hukumar NAFDAC ta sa ido kan masu talla da lasifika a tasha da kasuwa, jama'a kuma su sani lambarta a jikin kwalbar gargajiya ba shaidar warkarwa ba ce. Masu unguwanni da limamai da ungozomomi su riƙa tura mata awo tun ciki yana ƙarami. Magidanta kuwa, kuɗin kwalba ɗaya gara su tafi ga hanta da wake da kifi da ganye, da gidan sauro.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya sha magani bai san ciwonsa ba, ya yi harbi ne cikin duhu. A fara auna jini, sa'an nan a san abin da za a sha.