Zauren Uwargida: Kyamarar Gida, Ina Ta Fuskanta Kuma Wa Ke Riƙe da Mabuɗinta?

  

A wannan wata, 'yar uwa, zancenmu a kan wata baƙuwa ne da ta fara shigowa gidajenmu, wato kyamarar tsaro wadda ake haɗawa da wayar hannu. Abin da ya jawo zancen kuwa shi ne, kwanakin baya na je barkar haihuwa gidan wata ƙanwata da ke aure a Tambuwal. Muna zaune tsakar gida, zafi ya sa kowa ta ajiye hijabinta, mai jego tana shayarwa, sai na ɗaga kai na hango wata 'yar farar aba a saman ƙofar ɗaki tana kallonmu. Na ce da ita, "Ke, mene ne wancan?" Ta ce, "Kyamara ce Yaya, maigida ya sa aka kafa saboda ragunan kiwona, ga shi ba mazauni ba ne." Na ce, "To wa da wa ke kallo?" Sai ta yi shiru, can ta ce, "Wallahi Yaya ban sani ba. Yaron da yas saka ta, shi yas san lambar."

Ban ga laifin maigidanta ba. Tambuwal na kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, Kebbe kuma tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, kuma kowa ya san yadda satar dabbobi ta addabi yankin nan namu. Magidancin da neman abinci ya kai shi Legas ko Abuja dole hankalinsa ya riƙa komowa gida. Sai dai kyamara ido ce, kuma ido ba ya zaɓen abin da zai gani. Saboda haka ya kamata uwargida ta san yadda ake haɗa ta, domin a wurin haɗin ne ake tsare sirrin gida, a nan ne kuma ake zubar da shi.

Hanya ta farko ita ce ta kebul. Ana jawo igiya daga kyamarar zuwa rauta, wato 'yar na'urar nan mai raba intanet, ko kuma zuwa akwatin da ke naɗar hotuna. Irin wannan kebul yana aiki lafiya har tsawon mita 100, abin da ya ishi yawancin gidajenmu daga zaure zuwa ɗakin maigida. Akwai ma wadda kebul ɗaya ne ke kai mata wuta da intanet gaba ɗaya. Amfanin wannan hanya shi ne hoto ba ya yankewa, kuma kaurin katanga bai dame ta ba. Abin lura kawai shi ne a saka kebul ɗin cikin fayif saboda ɓeraye da zafin rana da hannun yara. In an gama jonawa, sai a sauke manhajar kyamarar a waya, irin su Hik-Connect ko EZVIZ ko V380 Pro, gwargwadon wadda kamfanin ya rubuta a kwali. Daga nan a buɗe asusu, a haska wayar a kan wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, baƙi da fari, da ke jikin kyamarar, wanda ake kira QR, shi ke nan hoto ya fito.

Hanya ta biyu ita ce ta waifai, wadda ba ta buƙatar jan igiya sai ta wuta kaɗai. Za a danna ɗan maɓallin da ke mayar da kyamarar sabuwa, a shiga manhaja, a zaɓi sunan waifan gida, a rubuta lambar sirrinsa, sannan a nuna wa kyamarar zanen da zai fito a fuskar waya. A nan ne mutane da yawa ke shan wahala, su ce kyamarar ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Dalili kuwa, waifai iri biyu ne, akwai mai lamba 2.4, akwai mai lamba 5, kuma akasarin ƙananan kyamarorin da ke kasuwa mai 2.4 kaɗai suke ganewa. Shi ne ma ya fi kai wa nesa da ratsa bango. Duk da haka, katangar ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe suna rage masa ƙarfi. Kafin a huda bango, ki tsaya da wayarki daidai inda za a kafa, in waifan ya yi rauni a wayarki, to ita ma kyamarar haka za ta sha fama. Kuma kada a haɗa ta da ƙaramar rautar aljihun maigida ko waifan wayarsa, domin ranar da ya fita da abinsa ta makance ke nan.

Akwai kuma ta uku, wadda ita ce ta fi dacewa da ƙauyukan Kebbe da Tambuwal inda wutar Nepa sai an ga dama: kyamara mai sola da batir, wadda ake saka wa layin waya kamar salula. Ita ba ruwanta da rauta, amma tana buƙatar sabis na 4G mai ƙarfi a wurin, da layin da aka haɗa da lambar NIN. A riƙa goge farantin solar da gilashin kyamarar, musamman lokacin hunturu da ƙura ke rufe komai. Sannan a san cewa kallo yana cin data. Hoto mai kyau na iya lashe kusan rabin giga, wani lokaci har fiye, a cikin awa ɗaya. Saboda haka a riƙa leƙawa a taƙaice, a bar ta ta aiko da saƙo in ta ga motsi.

Ko wace hanya aka bi, kada a manta da saka memori a cikinta ko haɗa ta da akwatin naɗa. Ba mu manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Tambuwal, saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali mai kallo daga nesa ba zai ga komai ba, amma kyamara mai memori tana ci gaba da naɗa muddin akwai wuta. A kafa ta sama inda hannu ba ya kaiwa, akwatin naɗa kuma a ɓoye shi a ɗaki.

To 'yar uwa, yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna. A yawancin waɗannan manhajoji, wanda ya fara yi wa kyamara rajista a asusunsa shi ne mai ita, sauran kowa baƙo ne da shi ya ba izini. Idan mai kafawa ya yi da wayarsa don sauri, sannan ya tura wa maigida, to mabuɗin gidanki yana aljihun wani ƙato da ba muharraminki ba, kuma yana iya buɗewa daga shagonsa a duk lokacin da ya so. Ba na cewa duk masu wannan sana'a maciya amana ne, da yawansu mutanen kirki ne. Amma waya tana ɓata, ana sayar da ita, abokai suna karɓa su duba. A wasu kyamarorin ma, ko an danna maɓallin mayar da ita sabuwa ba ta fita daga asusun farko, sai mai asusun ya cire ta da kansa.

Haɗari na biyu shi ne lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, irin su 12345 ko 888888. A shekarar 2014 an gano wani shafin intanet da ke nuna hotunan kyamarori fiye da 70,000 kai tsaye daga ƙasashe daban-daban, har da na ɗakunan kwana, ba don komai ba sai don masu su ba su canza lambar ba. A ƙarshen 2025 kuma 'yan sandan Koriya ta Kudu sun kama mutum huɗu da zargin kutsawa cikin kyamarori kusan 120,000 na gidaje da wuraren sana'a, wasunsu suna sayar da hotunan tsiraicin mutane. Abin ya kai har Birtaniya ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da lambar sirri mai sauƙin ganewa tun daga Afrilun 2024. Mu nan kuwa, sai mun tsare kanmu da kanmu.

Addininmu ya riga ya shimfiɗa mana ƙa'ida. A Suratun Nur, aya ta 27, an hana shiga gidan wani ba tare da izini da sallama ba. A aya ta 58 kuma an ware lokuta uku, kafin sallar Asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan Isha'i, waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana leƙen asirin juna. Ya kuma tabbata a hadisi cewa saboda tsare gani aka shar'anta neman izini. To idan ɗan cikinki sai ya yi sallama, ina ga idon da ba ya barci, ba ya sallama?

Saboda haka ga shawarata. Wurin kyamara shi ne ƙofar gida, da zaure, da turken dabbobi, da shago, da wurin ajiye mota ko babur. Ban da ɗakin kwana, ban da wajen banɗaki da madafa, ban da tsakar gida inda mata ke sakewa. A kuma tabbatar ba ta leƙa gidan maƙwabta ta saman katanga ba. Ki lura, mai juyawa ana iya karkato ta daga waya, ko da ƙofa aka sa ta kalla, don haka tsayayya ta fi kwanciyar hankali kusa da cikin gida. Da yawansu kuma suna ɗaukar murya, to a shiga manhaja a kashe. Ranar kafawa, a yi rajista da wayar maigida da lambarsa, shi zai rubuta lambar sirri da hannunsa, mai tsawo, haruffa haɗe da lambobi, ba shekarar haihuwa ko lambar waya ba. Bayan mai aiki ya tafi a duba jerin waɗanda aka ba izinin kallo, a goge wanda ba a sani ba. Idan an riga an kafa, a kira shi cikin mutunci ya cire ta daga asusunsa a gaban maigida.

Yadda za ki ɗauko zancen ma yana da muhimmanci. Kada ki tare shi da cewa bai yarda da ke ba. Ki bari ya ci ya huta, ki gode masa da kulawarsa, sannan ki ce, "Maigida, ina tsoron kada wani ya ga iyalinka ba lulluɓi." Namiji mai kishi ba ya buƙatar ƙarin bayani. In gidan mata biyu ne ko uku, kowace ta san da ita, kada a ba ɗaya damar kallo a hana ɗaya, don kada abin tsaro ya koma makamin kishi. 'Yar aiki da baƙi su ma a sanar da su, 'ya'yan mutane ne masu haƙƙi. In kuma ta kama ɓarawo, a kai wa mai unguwa ko 'yan sanda, kada a watsa a WhatsApp, domin a hoton dare ana iya ɗora wa mai kama da shi, kama da wane kuwa ba wane ba ce.

Ƙanwata dai ta yi wa maigidanta magana da ya dawo, aka mayar da kyamarar wajen turke, aka canza lamba, yanzu tana shan iskarta a tsakar gida hankali kwance. Kyamara shaida ce kawai, ba ta hana ƙaddara, don haka a kulle ƙofa, a riƙe azkar na safe da maraice, a bar wa Allah sauran.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba yankinmu da ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.