Kwabo a Kan Dogo: Hani Kaɗai Ba Ya Wadatarwa

Tun da dogo ya iso Kano a 1911, ya kuma miƙa ta Jogana da Ringim har Nguru a 1930, yaran karkara suka sami wani wasa wanda kakanninsu ba su sani ba. Yaro kan ɗora kwabo ko anini, ko ƙusa in ba shi da kuɗi, a kan ƙarfen dogo, ya laɓe cikin dawa sai jirgi ya wuce, sa'an nan ya fito neman abinsa cikin tsakuwa. Kwabon ya baje kamar ganye, ƙusar kuwa ta zama 'yar wuƙa.

Dalilin tayar da maganar shi ne aikin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Kowa ya san ƙasar arewacin Kano, gona na jingine da gona, gida na hangen gida, saboda haka duk inda dogo ya ratsa, ta bakin ƙofar wani ya bi. Kwabo ba ya kā da jirgi. Yaron shi ne cikin haɗari, domin jirgi kan yi tafiya mai nisa kafin birki ya tsai da shi, ƙarfen da aka ɗora kuma kan yi tsalle ya sami ido. Kwabo ya yi wuya yanzu, amma ƙusa da murfin kwalba suna nan birjik.

Wasu za su ce maganin abin bulala. A ganina, wanda aka hana wasa ba a ba shi madadi ba, ɓoyewa zai yi ya ci gaba. Rabin daɗin wasan nan yana wajen nema, nema kuwa ba ya bukatar jirgi. A Jihar Oregon ta Amurka, a 2000, aka ƙago farautar ajiya, watau mutum ya ɓoye wani abu, ya ba da lambobin wurin, wasu su bi na'ura mai aiki da tauraron ɗan'adam su gano shi.

Mu ba sai da na'ura ba. Malamin firamare yana iya sa tsohon taro ko sisi cikin gwangwani, ya ɓoye a gindin kuka ko tsohuwar marina, nesa da dogo, ya ba da kwatance cikin kacici-kacici. Tilas yaro ya tambayi tsofaffi sunan fadama kaza da burtali kaza, da dalilin sunan. Ga tsira daga haɗari, ga raya sunayen da aikin dogo zai iya shafewa.

Wannan aikinmu ne, ɗaliban Sashen Hausa. Kowa ya tafi hutu, ya tattaro sunayen wuraren ƙauyensu, ya tsara kacici-kacici ko da goma, ya miƙa wa makarantar garin. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.