Allon mota da idon direba

Makon jiya na raka wani ƙanena ɗaurin aure a wani ƙauye na karkarar Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji. Motar da ya sayo kwanan nan tana da allo a gaban direba, irin wanda ake haɗawa da salula. Tun daga Maraɗi yake fama da shi, hannu ɗaya ga sitiyari, ɗaya ga allo. Muna sauka daga kwalta sai ga amalanken shanu ta fito daga gona, yara biyu bisa kanta. Da ban yi kururuwa ba, da wani labarin kuke karantawa yau.

Ba ni cikin masu ƙyamar ci-gaba. Kamfanin Apple ya fito da CarPlay a 2014, Google kuma ya biyo da Android Auto a 2015, kuma manufarsu ita ce direba ya daina riƙon salula yana tuƙi. Aikin duk salula ce ke yinsa. Allon dai yana nuna taswira, da sunan mai kira, da abin da ake saurare. Ana haɗa su da igiyar USB, wasu motocin kuma ba su bukatar igiya. Sau da yawa idan haɗin ya ƙi, laifin na igiya ne, domin akwai wadda caji kawai take yi, ba ta ɗaukar bayanai. Tsohuwar mota kuwa, galibi Bluetooth kaɗai ta sani, wato kira da sauti, ba taswira.

To amma waɗanda suka ƙera na'urar nan ba da hanyoyinmu suka auna ta ba. A kan babbar hanya mai lamba 1, daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, har Agye da Gazawa, mota tana raba kwalta da jakai, da awaki, da ƴan kabu-kabu, da ƴan makaranta. Lissafin ba shi da wuya: motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda. Direban da ya dubi allo na daƙiƙa biyu ya yi tafiyar mita 50 bai ga gabansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tuƙi yana amfani da salula ya fi wanda ba ya yi fuskantar haɗari kamar sau huɗu, kuma ko bai riƙe ta a hannu ba, bambancin kaɗan ne. Magabata sun riga sun faɗa: ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Ita ma taswirar tana da iyakarta. Ta san kwalta, amma ba ta san turbar da ruwan damina ya cinye ba, ko wadda aka nome. A ranar nan, wani dattijo mai kiwo ne ya nuna mana hanya bayan da allon ya kai mu bakin gonar gero. Matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka shawarata ga masu irin wannan mota ita ce: a haɗa salula tun mota tana tsaye, a sauke taswirar yankin tun a gari inda intanet ke da ƙarfi, a zaɓi abin saurare kafin a tashi. In an kama hanya, kunne ya ji, ido ya tsaya ga titi. Kiran da ba zai jira ba, a raɓe gefe a amsa shi. Fasinja kuma kada ya ji nauyin yi wa direba magana, ko da ya girme shi, tunda ransa ma yana cikin motar.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.