A rubuta sunayen waɗanda suka bar Tabanni

Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, Gwamna Uba Sani ya buɗe kasuwar shanu, maganar da ake ta yi ita ce zaman lafiya ya dawo. Muna fatan ya ɗore. Amma magidantan da suka bar Tabanni da Kuyello da Kutemeshi a yankin, suna dako da tura baro a Kaduna da Zariya da Funtuwa, 'yan ci-rani ake ce musu, ba 'yan gudun hijira ba, wai talauci ne ya kore su. Wa ya kawo talaucin?

Manomin da aka kore masa shanun huɗa, ya biya harajin noma kafin ya shiga gonarsa, ya sayar da masarar da ta rage ya fanso ɗansa daga daji, bakin bindiga ne ya talauta shi. Gwamnati ma da hannunta a ciki. Ba mu manta 2021 ba, da aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya, aka hana hawa babur, 'yan bindigar kuma suna nan daram.

Gaskiya ne Yarjejeniyar Geneva ta 1951 kan 'yan gudun hijira ba ta san mai gudun yunwa ba, wanda ake zalunta saboda addini ko ƙabila ko ra'ayin siyasa ta sani, shi ma sai ya tsallaka iyaka. Masu fakewa da ita na cewa in aka buɗe ƙofar talauci, rabin Arewa zai shige. Mun ji. Ai Afirka ta faɗaɗa ma'anar tun 1969, ta haɗa da masu gudun tashin hankali, kuma mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsallaka Maraɗi tun 2019 an karɓe su a matsayin 'yan gudun hijira. Masifa iri ɗaya ce ta kori na Tabanni. Laifinsu shi ne ba su bar ƙasarsu ba?

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala a 2012, wadda ta wajabta mata rajistar duk wanda aka raba da muhallinsa a cikin gida, da biyan diyya. A rubuta sunayensu. Wanda ba ya cikin rajista ba zai ga iri ko taki ba, ballantana diyya.

Muna kira ga Gwamnatin Kaduna da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa su bi mazaɓa-mazaɓa tare da masarautar Birnin Gwari, a rubuta sunayen mutanen nan kafin damina ta faɗi.