Saƙar gida-gida mai launi hawa-hawa: ku daina taya ta kuɗin zare

1/ Jama'a, yau zare zan yi muku a kan zare 🧶 Maganata a kan 'yan matanmu ne masu saƙa da kwarashi, na Dugabau da Garo da Kabo har Gwarzo, da yadda muke taya aikinsu kamar muna cinikin tumatir da yamma. Ku biyo ni a hankali, akwai lissafi a ciki.

2/ Wadda nake nufi ita ce saƙar nan ta ƙananan murabba'i, da ake saƙa su ɗaya-ɗaya sannan a haɗe su su zama shawul ɗin jariri, ko bargo, ko jaka. Turawa sun sa mata sunan kaka, wai aikin tsofaffi ne. Ni gida-gida nake ce mata, don kowane ɗaya gida guda ne.

3/ Asalinta dabarar tattali ce. Guntayen zaren da suka rage daga wasu ayyuka ake tarawa, a saƙa gida da wannan, gida da wancan, don kada a zubar. Ta yi tashe sosai a Amurka a shekarun 1970, ta kwanta, yanzu TikTok da Instagram sun sake taso da ita.

4/ Yin gida ɗaya ba wuya. Ki yi 'yar sarƙa ki rufe ta zobe, ki saƙa dogaye uku-uku rukuni huɗu a cikin zoben, ki bar rami a kowace kusurwa. Kowane zagaye ki ƙara a kan na baya. Yarinya mai kai za ta kama shi a yini ɗaya.

5/ Inda aikin yake shi ne launi. Ka ga bargo ya fara da fari tas a wannan gefe, yana tafiya yana duhu a hankali, har ya ƙare da shuɗi mai duhu a wancan gefen, kuma idonka bai kama inda wani launi ya tsaya wani ya ɗauka ba. Shi nake kira hawa-hawa.

6/ Ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Idan mai saƙa ta iya wannan aiki, wahalarta ba ta fitowa. Mai saye ya duba ya ce ai zaren ne haka ya zo daga kamfani, ke kawai saƙawa kika yi. Wato gwanintarta ce ma ta ja mata raini wajen ciniki.

7/ E, akwai zaren da ke zuwa da launuka a jikinsa. Amma a gida-gida ba ya jin magana. Launin kan canza a tsakiyar zagaye, gida ɗaya ya fito rabi fari rabi shuɗi, na kusa da shi ya fito daban. In kun ga hawa-hawa mai tsafta, mutum ne ya zauna ya tsara shi.

8/ Hanya ta farko: a cikin gida ɗaya, kowane zagaye da launinsa. Tsakiya ruwan madara, sai ruwan ƙwai, sai ruwan ɗorawa, sai ruwan goro, a rufe da ruwan ƙasa. Kowane gida ya zama kamar fitila, tsakiya haske, baki duhu.

9/ Hanya ta biyu: kowane gida launi ɗaya, amma wajen jerawa ake yin hawan. A shimfiɗa su duka a tabarma, a jera layi-layi ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. A ja da baya a duba, a dawo a musanya, a sake dubawa. Wannan jeri kaɗai yakan cinye yamma guda.

10/ Hanya ta uku ita na fi so, don ita ce ta mai ƙaramin jari. Ki haɗa siraran zare biyu ki saƙa su tare. Fari da fari. Sai fari da ruwan bula. Sai bula da bula. Sai bula da shuɗi. Sai shuɗi da shuɗi. Launi 3 kika saya, mataki 5 kika samu. In 5 ne, mataki 9.

11/ 'Yar dabara kyauta: ki jera zarenki ki ɗauki hoto da waya, ki mayar da hoton baƙi da fari. Nan take za ki ga wanda ya fi duhu da wanda ya yi tsalle. Kuma ki zaɓi launi da hasken rana. Ƙwan sola da tocilan maƙaryata ne, da safe za ki ga wani abu daban.

12/ Sannan ki sayi zaren aikin gaba ɗaya lokaci guda. Kamfani ɗaya, lamba ɗaya, amma rinin wannan wata da na wancan sukan ɗan saɓa. Ƙulli ɗaya ya yanke miki a Dugabau, ki hau mota har Sabon Gari, ki tarar wanda ke shago yanzu ya fi naki haske. Aiki ya tsaya.

13/ Masu cewa wannan duk kwaikwayon Turawa ne, ku je Ƙofar Mata, marinar da ake cewa tun 1498 take. Ku tsaya ku ga marini ya tsoma farin yadi a baba, ya ɗago shi kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa ya ƙara duhu. Hawa-hawa kenan.

14/ Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a kasuwancin garin shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a nan, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Ido mai auna shuɗi gadonmu ne. Ƙugiyar saƙar ce baƙuwa.

15/ Sai dai a kula: yawancin abin da muke kira zaren ulu a kasuwa na roba ne, baba ba ya kama shi. Mai son ta rina da kanta sai ta nemi farin zaren auduga. Ina mafarkin ranar da zan ga bargon gida-gida da aka saƙa a Dugabau, aka rina zarensa mataki bakwai a karofi.

16/ To mu zo lissafi. Ɗauki shawul ɗin jariri mai gida 6 a faɗi, 8 a tsawo. Gida 48 kenan. A ce hannunta ya faɗa, tana gama gida ɗaya mai zagaye 5 a rabin awa. Awa 24 ta tafi, ba a haɗa ko ɗaya da ɗan'uwansa ba.

17/ Duk inda aka canza launi ana barin bakin zare biyu. Launi 5 a gida ɗaya, baki 10. Sau 48, baki 480, kuma kowanne sai an bi shi da allura an ɓoye, in ba haka ba wankin farko ya warware. Sa haɗawa da gyaran gefe, a ce awa 8. Jimla awa 32.

18/ A 2024 gwamnatin Kano ta sa mafi ƙarancin albashi ₦71,000. Raba shi da awa 160 na aikin wata, awa ɗaya ta kama wajen ₦440. Sau 32, kusan ₦14,000. Kuɗin hannu kaɗai fa, a ma'auni mafi ƙasa. Ba zare, ba kuɗin mota, ba data.

19/ Zaren kuma akwai wanda daga waje yake shigowa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya san inda kayan waje suka nufa. Amma har yau sai ka ji an ce, "Haba ƙanwata, nawa zaren yake? Ga kuɗin zare, ga ɗan na sabulu." Na sabulu, a kan awa 32!

20/ Abin da ya fi ciwo, na gida su suka fi yi. Anti za ta aiko da hoto daga Instagram ana saura kwana biyar suna, "'yata irin wannan nake so." Yarinya ta hana idonta barci, ranar suna kowa na santin shawul, ita kuma a sallame ta da "Allah ya yi albarka."

21/ Addu'a muna so, amin. Amma tela ma ɗan'uwa ne, kuma ba a kai masa shadda a ce ya ɗinka don zumunci. Mai ƙunshi ana biyanta. Mai kitso ana biyanta. Me ya sa mai kwarashi ce kaɗai ake ɗauka tana rage zaman banza ne?

22/ Na san me za a ce: mutanen ƙauye manoma ne, wa zai ba da wannan kuɗi alhali ga bargon gwanjo a Ƙofar Wambai, ga na kamfani da araha? Gaskiya ne, kuma ban ga laifin wanda ya sayi daidai aljihunsa ba. Sanyin Janairu ba ya jiran kowa.

23/ Amma kaya biyu ne daban. Na kamfani inji ya fitar da dubunsa a yini. Gida-gida ta gaskiya har yau hannu ke yinta, abin da inji ke fitarwa kama ce kawai. In ba ka da halinta, ka ce sai wani lokaci. Kada ka ce ta yi tsada. Araha ba ta ado.

24/ Masu cewa "ai ba wani abu ba ne, ni ma zan iya," bismillah, kwarashi ba tsada. Kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Mu haɗu a gida na 30, lokacin da wuya ya ƙage, ɗan yatsa ya yi kanta.

25/ Ku kuma 'yan uwana masu saƙa, da sauran gyara a wajenmu. Ki riƙa rubuta awannin da kika yi. Ki faɗi kuɗin zare daban, kuɗin hannu daban. Ki karɓi kafin alƙalami kafin ki sayi ƙulli ko ɗaya. In an taya ƙasa, ki ce albarka, bakinki alaikum.

26/ Ki yi kaya daidai kasuwa biyu. Na gida: hular jariri, safa, 'yar jakar waya mai gida biyu, abin da za ki gama a yini mutum ya saya ba ciwo. Babban aiki kuma ki nemi masu shi a birni. Titin Gwarzo ɗin nan da muke bi, a kansa sabuwar BUK take, ɗalibai fal.

27/ Kuma ki daina ɓoye wahalarki. Ki ɗora hoton gidajen a tabarma kafin haɗawa. Ki nuna zare biyun da kika gama suka ba da launin tsakiya. Ki nuna bayan aikin da bakin zare 480 a tsaye. Wanda ya ga haka a status, kunya ma za ta hana shi cewa na sabulu.

28/ Dalilin da ya sa na damu: wannan sana'a ce da mace za ta yi a ɗakinta, ba wuta, ba inji, ba hayar shago. In ta biya, yarinya ta sayi littafinta, ta yi adashinta. In ba ta biya ba, ta ajiye kwarashi, ƙannenta kuma ba mai koya musu.

29/ Sanyi na tafe, bukukuwan suna ba sa ƙarewa. Wannan karon in za ku ba da aiki, ku tambaya awa nawa zai ci kafin ku tambayi ragi. Masu saƙa na Kabo da Gwarzo, ku ajiye hoton aikinku a ƙasa da kuɗinsa na gaskiya, zan yi ta turawa. Allah ya sa wa hannu albarka 🧶