Waiwaye: Ɗan Rabah da Shari'ar Jangali

Duk mai zama gaban talabijin bayan isha'i ya san wannan labari, ko da sunan fim ɗin ya sauya. Mutum ya fito daga kurkuku da 'yar jakarsa, ya tarar manyan da suka ci kuɗin suna nan daram a kujerunsu, shi kuwa ko sallamarsa ba a son amsawa. Tun da Arewa24 ta fara nuna Kwana Casa'in a 2019 muka ƙara sabawa da ganin yadda ake ƙulla rashawa a ofis. Mukan yi Allah wadai, mu tausaya wa wanda aka zalunta. Sai dai mun manta ƙasarmu ta Rima tana da nata labarin, kuma a Rabah aka yanke cibiyar mai shi.

Ahmadu Bello nake nufi, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno. Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934. Da sarautar Sarkin Musulmi ta faɗi a 1938 ya nema, Allah ya ba Abubakar na Uku. Shi kuma aka naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas.

A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali. Yaranmu na yau ba su san jangali ba. Harajin shanu ne, a da ana bin rugage ana ƙirga dabbobi, kowace saniya da kuɗinta, a karɓa a yanki rasit. Inda aka ce an biya babu rasit, nan bango ke tsagewa. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, lauya Bode Thomas ya tsaya masa, aka wanke shi tas.

Mu ɗan tsaya nan. Sardauna yana da ilimi, yana da abokai, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ɗan manomin da aka ce ya saci injin ban-ruwa fa? Sau da yawa yakan daɗe a tsare yana jiran shari'a, babu lauya, babu mai tsaya masa beli.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Sarkin Musulmi da Sardauna suka shirya, ya dawo Sakkwato ya ci gaba da aikin En'e. A 1954 ya zama Firimiyan Arewa, a 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunansa, a Zariyar da aka wanke shi. Da mutanen wancan zamani sun kafe a kan "ai an taɓa kama shi", da Arewa ta yi asarar da ba ta ma san ta yi ba.

Wani zai ce, to ai shi an wanke shi, mai fitowa daga kurkuku kuwa ya aikata. Gaskiya ne. Amma wanda ya gama wa'adinsa ya biya abin da shari'a ta ɗora masa. Iyayenmu sukan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A da, yaro in ya dawo daga gidan yari, kawunsa ke jan hannunsa zuwa wurin liman da mai unguwa, a yi masa faɗa, a yanka masa gona, in ya natsu a nema masa mata.

A 2019 doka ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, amma ƙarashen gyaran yana hannunmu. Ga madatsar ruwan Goronyo tun 1984, ga albasa da tafarnuwa da shinkafar fadamun Wurno, kullum neman hannu suke. A wannan zamani da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, matashin da gari ya ƙi, daji ba zai ƙi shi ba. In ya yi sallama mu amsa, mu matsa masa a sahu, mu ba shi aikin da zai ci da guminsa.